Jade Goody da Shilpa Shetty: Yadda zargin wariyar launin fata ya sauya rayuwar taurari biyu

A watan Janairun shekarar 2007, wani shirin talbijin na nishaɗi a Birtaniya ya rikiɗe ya zama batun da aka tattauna a majalisar dokoki, ya kuma harzuƙa jama'a a Indiya.

Shirin, mai suna Celebrity Big Brother, wanda tashar Channel 4 ke watsawa a lokacin, yakan tara fitattun mutane a gida guda, a kuma dasa na'urorin ɗaukar hoto da ke lura da su dare da rana.

Daga cikin mazauna gidan akwai Shilpa Shetty, tauraruwar finafinan Indiya wadda masu kallo suka sani a finafinai irin su Baazigar na 1993 da Dhadkan na 2000.

Akwai kuma Jade Goody, wata 'yar birnin London da ta yi suna a shekarar 2002 bayan ta shiga shirin Big Brother na talakawa. Kafin nan tana aiki ne a matsayin mataimakiyar likitan haƙori.

Abin da ya faru

An nuna Jade Goody da wasu mata biyu, Danielle Lloyd da Jo O'Meara, suna yi wa Shilpa ba'a game da yadda take magana da kuma girkinta. Jade ta laƙaba mata sunan wani abinci na Indiya a maimakon sunan mahaifinta.

Hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin watsa labarai ta Birtaniya ta karɓi ƙorafe-ƙorafe fiye da 44,000, adadin da ba ta taɓa samun irinsa ba kafin lokacin.

A birnin Patna na Indiya, masu zanga-zanga sun ƙona mutum-mutumin waɗanda suka shirya shirin.

Gordon Brown, wanda shi ne ministan kuɗin Birtaniya a lokacin, yana ziyara a Indiya, sai ya tarar da manema labarai sun fi yi masa tambaya kan shirin fiye da kan ciniki. Ya yi Allah wadai da duk wani abin da zai zubar da mutuncin Birtaniya a matsayin ƙasar adalci da haƙuri da juna.

Asara da riba

Kamfanin Carphone Warehouse ya janye tallafin da yake ba shirin. Shaguna sun kwashe turaren da ke ɗauke da sunan Jade daga kantunansu.

Masu kallo sun fitar da ita daga gidan da kashi 82 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa. Shilpa ce ta lashe gasar da kashi 63 cikin ɗari, daga bisani kuma aka gayyace ta majalisar dokoki, inda ta gana da Firayim Minista Tony Blair.

'Yan sanda sun gudanar da bincike, amma ba a gurfanar da kowa a gaban kotu ba. A watan Mayun 2007, Ofcom ta yanke hukuncin cewa Channel 4 ta saɓa ƙa'idojin watsa shirye-shirye.

Neman afuwa

Jade ta nemi gafara a bainar jama'a sau da dama. Ta ce ita ba mai wariyar launin fata ba ce, amma ta amince kalamanta sun munana. Ta kuma kai ziyara Indiya domin neman afuwa.

Shilpa ta ce ta yafe mata. Sai dai jaridun Birtaniya da dama sun ci gaba da caccakar Jade, ayyukanta kuma suka ja baya.

A watan Agustan 2008 ta shiga shirin Bigg Boss na Indiya, wanda Shilpa ke gabatarwa. Kwana biyu da shigarta aka sanar da ita ta wayar tarho cewa tana fama da cutar kansar bakin mahaifa.

Daga nan ra'ayin jama'a ya juya. Jaridun da suka zage ta suka koma yabonta. Ta rasu ranar 22 ga watan Maris na 2009 tana da shekara 27, ta bar 'ya'ya biyu maza.

Gordon Brown, wanda a lokacin ya zama Firayim Minista, ya yaba da jaruntakarta. Alƙaluman hukumar lafiya ta Ingila sun nuna cewa matan da suka je gwajin cutar a wannan lokaci sun ƙaru da kimanin 400,000.

Wa ke yafewa?

Masu nazarin kafofin watsa labarai sukan kafa hujja da wannan lamari domin nuna cewa yafiyar wanda aka zalunta daban take da yafiyar jama'a da ta kasuwa. Shilpa ta yafe cikin 'yan kwanaki, amma jama'a ba su sauko ba sai da cuta ta shigo.

A Amurka, ɗan wasa Mel Gibson ya yi kalaman ƙyamar Yahudawa lokacin da aka kama shi a 2006. Manyan kamfanonin Hollywood sun ƙaurace masa na tsawon shekaru, amma a 2017 fim ɗinsa Hacksaw Ridge ya ci lambobin yabo biyu na Oscar.

Shi kuwa ɗan barkwanci Michael Richards, wanda ya zagi baƙar fata a wani dandalin wasa a Los Angeles a shekarar 2006, ya nemi gafara a talbijin, amma sana'arsa ba ta sake komawa yadda take a da ba.