Daga Aska Takwas Zuwa Zane a Waya

Tun da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu a Sabon Birni da Isa, matasanmu da dama sun koma neman wata sana'a, wasu sun nufi kwas na zane a kwamfuta. Can kuma abin da ake fara tambaya shi ne: ina ayyukan da ka taɓa yi? Wasu na ɗaukar wannan sabon abu ne, alhali ya daɗe a ƙasar Hausa.

Mu dubi babbar riga. Kafin mai ɗinki ya soka allura, sai mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas a jikin yadi, kuma rigar da aka gani a wuyan wani ita ke kawo masa sabon ciniki. A shekarun 1970 David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya tattara irin waɗannan zane-zane ya yi nazarinsu. Haka Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, gininsa ne shaidarsa har yau.

Da ɗab'i ya zo, sai zane ya hau takarda. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Daga shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, kowane bango yana tallar hannun da ya zana shi.

To, mai shirin sauya sana'a ya bi sawun magabata. Ya tara ayyuka takwas ko goma da ya yi wa mutane na gaske: katin biki, allon shago, tambarin ƙungiyar manoma. Ya ajiye zanen farko tare da na ƙarshe, don a ga yadda tunaninsa ya tafi. Kada ya cusa aikin wani a ciki, domin ranar da aka ce ya maimaita, asiri zai tonu. Sannan ya buga su a takarda, kada ya dogara da waya kaɗai. Ba mu manta yadda aka datse layukan sadarwa a yankinmu a 2021 ba.

Masu ayyuka a hannu, ku fara tarawa daga yau. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa albarka a sana'a.