Morecambe: Garin Da Ya Tallata Kansa Da Sarauniyar Kyau

Idan aka ambaci gasar sarauniyar kyau a Najeriya, rikicin Kaduna na 2002 kan gasar Miss World ne ke fara zuwa a rai. Amma a Ingila, inda Miss World ta samo asali a 1951, wani ɗan garin bakin teku mai suna Morecambe ya riga ta da shekara shida.

Morecambe garin hutun ma'aikatan masaƙun Bradford ne. Wata doka ta 1938 ta buɗe wa leburori ƙofar hutu da albashi, sai yaƙi ya zo ya hana cin moriyarta. Da aka ajiye makamai a 1945, jiragen ƙasa suka riƙa sauke jama'a maƙil. Filin wasan garin yana da Cyclone, jirgin lilo na katako mai hawa sama ya gangaro da gudu, wanda aka ɗauko daga baje kolin Paris na 1937. Sai dai maƙwabciyarsu Blackpool ta fi su kayan lilo nesa ba kusa ba.

Majalisar gari ta nemi abin da za ta ja baƙi da shi. Ta haɗa kai da jaridar Sunday Dispatch, aka shirya gasar 'yan mata cikin kayan ninƙaya a babban wurin wankan garin. Lydia Reid, 'yar shekara 18 mai buga tafireta daga Edinburgh, ita ta fara lashewa, ta tafi da fam bakwai da sule bakwai. Kafin ƙarshen shekarun 1950 kyautar ta kai fam 1,000, gasar kuma ta zama Miss Great Britain.

Me ya durƙusar da ita? Wasu na cewa masu fafutukar 'yancin mata ne, waɗanda suka watsa garin fulawa a taron Miss World na 1970 a Landan, har BBC ta daina nuna irin waɗannan gasa a tsakiyar shekarun 1980. Sun yi tasiri, amma hujjar aljihu ta fi ƙarfi: jirgin sama ya yi arha, leburan Bradford ya koma shan rana a Sifaniya. Talla ba ta da amfani idan kasuwa ta watse.

An rushe wurin wankan a shekarun 1970, gasar ta bar garin bayan 1989, filin lilon ma daga baya ya bi sahu.