Trent Park: gandun sarauta da ya koma dajin jama'a a gefen Landan

Duk wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly daga tsakiyar Landan ya nufi arewa, idan bai sauka ba har ƙarshe, a tashar Cockfosters zai tsinci kansa. Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa ƙofar Trent Park, wani daji da filin shaƙatawa da ya haura eka 400 a ƙaramar hukumar Enfield.

A nan ne jerin gidajen birnin ke yankewa kamar an ja layi. Ta wannan gefe tituna ne da gidaje na masu matsakaicin hali, ta wancan kuma kurmi da tafkuna da makiyaya.

Daga sarki zuwa likita

Asalin wurin wani yanki ne na Enfield Chase, dajin da sarakunan Ingila suka keɓe wa kansu domin farauta tun ɗaruruwan shekaru. A shekarar 1777 aka rarraba dajin, Sarki George na Uku ya ba likitansa Sir Richard Jebb hayar wani sashe.

Kyautar tukuici ce. Likitan ya yi tattaki zuwa garin Trento, wanda a yau yake arewacin Italiya, inda ya yi jinyar ƙanen sarkin da ke kwance rai a hannun Allah. Daga sunan garin ne gandun ya samo nasa.

Bayan Jebb, gandun ya yi ta sauya hannu. Iyalan Bevan, masu harkar banki, sun riƙe shi mafi yawan ƙarni na 19.

Zamanin Sassoon

Mutumin da ya fi barin tambarinsa a wurin shi ne Sir Philip Sassoon, wanda ya gaji gandun daga mahaifinsa a 1912. Kakanninsa Yahudawan Bagadaza ne da suka yi arziki da fatauci a Bombay kafin su zauna a Ingila. Shi kansa ɗan majalisar dokoki ne, ya kuma riƙe muƙamin ƙaramin minista a ma'aikatar kula da sojan sama.

Sassoon ya sake fasalin gidan baki ɗaya, ya lulluɓe shi da jan bulo da aka kwaso daga wani tsohon gidan attajirai da aka rushe a tsakiyar Landan. Ya yi filin saukar jirgin sama nasa na kansa, ya zuba tsuntsaye daga ƙasashe masu nisa a bakin tafki.

A ƙarshen mako gidan kan cika da manyan baƙi, ciki har da Winston Churchill da ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin da 'ya'yan gidan sarauta. Sassoon ya rasu a 1939 yana da shekara 50, watanni kaɗan kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, bai bar mata ko ɗa ba.

Kunnuwa a jikin bango

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalin masana tarihi. Hukumomin leƙen asirin Birtaniya sun karɓe gidan, kuma daga 1942 suka mayar da shi wurin tsare manyan hafsoshin Jamus da aka kama a fagen daga. Janar-janar fiye da 50 ne suka zauna a cikinsa.

Ba a ƙuntata musu ba. An ba su abinci mai kyau da jaridu da damar yawo a lambu, har akan fita da wasunsu cin abinci a cikin gari. Abin da ba su sani ba shi ne an dasa na'urorin sauraren magana a ɗakunan, kuma a ƙarƙashin gidan akwai mutanen da ke naɗar hirarsu dare da rana. Da yawa daga cikin masu sauraren Yahudawa ne da suka tsere daga Jamus, waɗanda Jamusanci harshen uwa ne gare su.

Dabarar ta yi aiki, domin mutumin da zai kama bakinsa gaban mai tuhuma yakan saki jiki gaban abokinsa. A watan Maris na 1943 aka ji Janar von Thoma yana ba Janar Crüwell labarin makaman roka da Jamus ke ƙerawa a asirce. Bayanin ya ƙarfafa zargin da ake yi, kuma a watan Agusta jiragen Birtaniya suka yi ruwan bama-bamai kan cibiyar gwajin makaman a Peenemünde.

An kuma ji hafsoshin suna tattauna kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a gabashin Turai. Takardun sun shafe kimanin shekara 50 a kulle kafin a bari jama'a su gani.

Yadda dajin ya tsira

Yawancin gandayen da ke kewaye da Landan ba su kai labari ba. Da layin dogo ya iso Cockfosters a 1933, gonakin da ke kusa suka koma unguwanni cikin 'yan shekaru.

Abin da ya tare gine-ginen shi ne tsarin da ake kira Green Belt, wato koriyar ɗamara, wanda ya hana yin gini a wani zoben fili da ya zagaye birnin. Dokar farko a kansa ta fito a 1938.

Bayan yaƙin, gidan ya zama kwalejin horar da malamai, daga bisani ya shiga cikin Jami'ar Middlesex. Filin kuwa hukuma ta saye shi, aka buɗe shi ga jama'a a 1973. Shiga kyauta ne. Akwai tsofaffin itatuwa da suka rage daga dajin farautar sarakuna, da jemagu da mujiya, da wata ƙaramar barewa mai kama da gada wadda asalinta daga Asiya ne.

Sai dai batun gini bai mutu ba. Jami'ar ta tashi a 2012, kamfanin gidaje na Berkeley ya sayi harabar a 2015, aka ba shi izinin gina gidaje kimanin 260. Bayan matsin lamba daga mazauna yankin da masana tarihi, an amince a ware wani ɓangare na tsohon gidan domin ya zama gidan tarihi na masu sauraren asirin.

Landan na fama da ƙarancin muhalli da tsadar haya, abin da ya sa idanu suka koma kan filayen da ke maƙwabtaka da dajin. A 2025 wani kwamitin gwamnati ya sanya yankin Crews Hill da Chase Park na Enfield cikin wuraren da za a iya kafa sababbin garuruwa, da gidajen da ka iya kai 21,000. Masu goyon baya na cewa dubban iyalai na zaune a matsugunan wucin gadi, yayin da masu adawa ke cewa filin da aka zuba wa siminti ba ya sake komawa daji.