Atisayen Gashin Ƙashi a Cikin Ruwa da a Doron Ƙasa ga Yara Masu Shanyewar Gaɓoɓi

Gabatarwa

Shanyewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira cerebral palsy da Turanci, larura ce da ke samun yaro tun yana ciki, ko lokacin haihuwa, ko a farkon shekarun rayuwarsa. A ƙiyasin masana lafiya, tana samun yara 2 zuwa 3 daga cikin kowace haihuwa 1,000 a duniya. Daga cikin musabbabanta akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri samun isasshiyar iska, haihuwar bakwaini, ciwon shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ta bambanta da shan inna, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba aikin iska ba ce.

Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa. Sai dai in aka bar yaro kwance babu motsi, jijiyoyinsa kan ɗaure, gaɓoɓi su lanƙwashe, ƙashin kwatangwalo ma ya iya gocewa. Wannan ne ya sa muke jan hankalin jama'a kan atisayen gashin ƙashi.

Atisaye a Doron Ƙasa

Wannan shi ne ginshiƙin kulawa. Ma'aikacin gashin ƙashi zai fara auna yaro, sannan ya tsara masa atisaye daidai da ƙarfinsa. Tun shekarar 1997 akwai ma'aunin da ya kasa waɗannan yara mataki 5, daga mai tafiya da kansa har zuwa wanda ke bukatar keken guragu da tallafin kai da wuya.

Binciken masana ya nuna cewa abin da ya fi amfani shi ne yaro ya riƙa maimaita da kansa aikin da ake so ya iya, kamar juyawa, zama, rarrafe, tsayuwa da kai cokali baki. Miƙar da gaɓoɓi da tausa kaɗai ba su wadatar. Tsayuwa kuwa, ko da a cikin akwatin tsayuwa na katako ne, tana ɗora nauyi a kan ƙafafu, wanda ke taimaka wa ƙarfin ƙashi. Kafinta na ƙauye zai iya haɗa wannan akwati da kujerar tallafi in ma'aikacin asibiti ya ba shi awo.

Atisaye a Cikin Ruwa

Ruwa yana rage wa jiki nauyi. Wanda ruwa ya kai wa ƙugu yana ɗauke da kimanin rabin nauyinsa, wanda ya kai wa wuya kuwa kimanin kashi 1 cikin 10 kacal. Saboda haka yaron da bai iya ɗaga ƙafa a ƙasa kan iya takawa a cikin ruwa. Ɗumin ruwan, wanda akan tsayar tsakanin digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, yana sassauta ɗaurewar jijiyoyi na ɗan lokaci, yayin da tura ruwa da hannu ko ƙafa ke ƙarfafa tsoka. Shahararren tsari a wannan fanni shi ne na Halliwick, wanda James McMillan ya fara a Landan cikin 1949, inda ake koya wa yaro sarrafa numfashi da daidaita jiki mataki-mataki.

Nazarce-nazarcen da aka yi sun nuna cewa atisayen ruwa yana inganta motsin yara, kuma suna jin daɗinsa. Amma ƙari ne a kan na ƙasa, ba madadinsa ba, domin a kan tabarma da tsakar gida ne yaro zai zauna, ya tsaya, ya ci abinci. Don haka iyayen da babu wurin irin wannan atisaye kusa da su kada su karaya.

Gargaɗi

1. Kada a kai yaro kududdufi, tafki ko rafi da sunan atisaye. Akwai haɗarin nutsewa da kamuwa da tsargiya.
2. Kada a bar shi shi kaɗai a baho, ko da ruwan bai wuce tafin hannu ba.
3. Yaron da farfaɗiyarsa ba ta lafa da magani ba, ko mai zazzaɓi, gudawa ko ɗanyen miki, kada a sa shi a ruwan atisaye. Wanda ke yawan ƙwarewa sai da izinin likita.
4. Kalmar gashi a nan ba ta nufin gasa jiki da tafasasshen ruwa, ko sakiya, ko tsaga. Waɗannan cutarwa kawai suke yi.

Yaushe Za a Je Asibiti

In jariri ya wuce wata 4 bai tsayar da wuya ba, ko wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko jikinsa ya cika sandarewa ko laushi, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa domin a tura shi gaba. A nan Kano akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi saurin koyon sabon motsi.

Kira ga Shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi 44 da su faɗakar da iyaye kan zuwa awo, haihuwa a asibiti, da gaggauta kai jaririn da idonsa ya yi rawaya. Muna kuma tunatar da cewa dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wariya ga masu nakasa. Yawancin waɗannan yara suna iya karatu, don haka kada a ɓoye su a ɗaki. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana, amin.