Fitilun Hawthorne da Tambayar da Ta Sauya

A shekarar 1924 aka fara wani bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Shikago a Amurka. Tambayar masu binciken gajera ce: shin ƙarin hasken fitila yana ƙara yawan aiki? Aka ƙara haske, aiki ya ƙaru. Aka rage shi, aiki bai ragu ba. Hatta rukunin da ba a taɓa fitilunsu ba sun ƙara himma.

Ashe tambayar ce ta yi ƙunci, domin ta auna fitila ta manta da mutum. A 1927 aka keɓe mata biyar masu haɗa kayan tarho, ana sauya musu lokutan hutu. Elton Mayo na Jami'ar Harvard ya danganta ƙaruwar aikinsu da kulawar shugabanni da zumuncin da ke tsakaninsu, ra'ayin da ya zama ɗaya daga cikin tushen nazarin halayyar ma'aikata.

Sai dai hujjar tana da rauni: an sauya tsarin biyan matan, kuma a 1928 aka musanya biyu daga cikinsu da wasu.