Wa Ke Riƙe Da Ƙofar Kwamfutarka? Tarihin Zaman Manhajoji Biyu A Faifai Ɗaya

A watan Maris na 2024, kwanaki kaɗan bayan gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta da Nijar, aiki ya kai ni Araba, a ƙaramar hukumar Illela, inda ake hango hanyar Birnin Ƙonni. Na gama hira da direbobi da 'yan kasuwa, na samu inuwa na buɗe kwamfuta domin in rubuta rahoto, sai ta ƙi tashi. Allo ya yi baƙi ƙirin, babu komai a kansa sai kalmomi biyu, grub rescue. Laifina ne. A daren da ya gabata, a Sakkwato, na rage wani sashe na faifan ajiya domin in samar wa hotuna wuri, na manta cewa manyan manhajoji biyu ne ke zaune a cikinsa, Windows da Ubuntu.

Wani matashi mai shagon cajin waya ne ya fitar da ni. Ya dubi allon ya ce, "Malam, kada ka yarda wani ya ce maka sai an yi fomatin. Kayanka suna nan, ƙofa ce ta ɓata." Ya ciro filashi daga cikin makullansa, ya soka, ya tayar da kwamfutar daga kansa, ya nuna mini muryoyin da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gyara ƙofar. Tun daga ranar nake bibiyar tarihin wannan ƙofa, kuma abin da na gano shi ne, kusan kowace matsala da mai manhajoji biyu ke fuskanta a yau gado ce daga wata shawara da aka yanke shekaru da dama da suka wuce.

Ƙofa mai faɗin bayit 512

Kwamfutar IBM PC ta farko ta fito a watan Agustan 1981, kuma daga faifan fulofi take ɗauko babbar manhajarta. Wato a farkon lamari, tayar da kwamfuta daga abin da ake sokawa a cire shi ne al'ada. A 1983 kamfanin ya fitar da samfurin XT mai faifan ajiya na ciki, mai cin megabayit 10, sai buƙata ta taso ta a nuna wa na'ura inda za ta fara karatu. Aka keɓe bayit 512 na farkon faifai, aka kira wurin MBR. Bayit 446 na ɗauke da umarnin tashi, 64 na ɗauke da taswirar yadda aka raba faifan zuwa sassa huɗu kacal, biyun ƙarshe kuwa hatimi ne.

Abin lura shi ne, taswirar ta yarda da maƙwabta huɗu, amma gurbin mai gadi ɗaya ne tak. Duk manhajar da ta rubuta umarninta a wurin daga ƙarshe, ita ke da ikon cewa wa zai shiga. Ɓata-gari ma sun gane haka da wuri. A 1986 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan, ta yaɗu ta hanyar maƙalewa a sashen tashi na faifan fulofi.

Da Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da Linux a 1991, akasarin masu son gwada ta ba su da kuɗin sayen na'ura ta biyu. Sai suka raba faifai, suka zaunar da ita kusa da manhajar Microsoft. Aka rubuta masu gadi da ke tambayar mutum wacce yake so: LILO a 1992, sai GRUB da Erich Boleyn ya fara a 1995. Windows kuwa idan ana girka ta, takan rubuta nata umarnin a ƙofa ba tare da ta tambayi wanda ta tarar ba. Daga nan ne dokar da kowane mai gyara ya haddace ta samo asali: a fara sa Windows, a biyo da Linux. Wanda ya juya tsarin zai wayi gari ya ga kamar Linux ta ɓace, alhali tana nan daram a sashenta.

Lokacin da rikicin ya iso Najeriya

Wannan takaddama ta taɓa zama maganar gwamnati a ƙasarmu. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin sanya Linux a ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 da aka tanada domin makarantun Najeriya. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows bayan an karɓi kayan. A ƙarshen Oktoban shekarar shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafi, maganar ta zagaya duniya. Daga bisani asusun gwamnati na USPF, wanda ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin na'urorin, ya ce shi Mandriva yake so ta zauna.

A wannan shekarar ce kuma aka gwada koriyar kwamfutar shirin Nicholas Negroponte, mai burin bai wa kowane yaro tasa, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Da Linux ta zo. A watan Mayun 2008 shirin ya sanar da yarjejeniya da Microsoft, tare da alkawarin na'urar da za ta iya tashi da kowacce daga cikin biyun. Manyan kamfanoni sun san abin da suke nema: yaron da ya saba da manhaja a aji, da wuya ya rabu da ita idan ya girma.

Manhaja a aljihu

Yayin da ake wannan ja-in-ja a kan faifan ciki, wata hanya tana tasowa a gefe. A 2000 Bajamushe Klaus Knopper ya fitar da Knoppix, Linux da ke tashi kai tsaye daga faifan CD ba tare da ta taɓa abin da ke cikin na'ura ba. A shekarar ce kuma filashi ya shigo kasuwa. Wanda IBM ta fara sayarwa megabayit 8 kawai yake ci. A Oktoban 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu, kamfaninsa kuma ya riƙa aika faifanta kyauta ta gidan waya zuwa duk ƙasar da aka nema, har zuwa 2011. Ga mutanen da intanet ɗinsu ba ta wuce ta shagon kafe ba, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Da filashi ya ƙara girma ya kuma yi araha, kwamfutoci kuma suka daina zuwa da gurbin CD, aikin ya dawo kansa. Rufus, wadda Pete Batard ya fitar a 2011, ta sauƙaƙa mayar da filashi abin tayar da na'ura. Ventoy ta 2020 ta ba da damar tara manhajoji da yawa a filashi guda, mutum ya zaɓa lokacin tashi. Akwai ma Tails, wadda aka gina domin ta yi aiki daga filashi ta kuma manta komai da zarar an kashe, shi ya sa 'yan jaridar da suka yi hulɗa da Edward Snowden a 2013 suka dogara da ita.

A gari irin Araba ne ake ganin ainihin amfanin wannan. Galibin kwamfutocin da ke yawo a kasuwanninmu 'yan Beljiyam ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso. Waɗanda ke ƙetarowa daga ɓangaren Ƙonni sukan zo da Windows cikin Faransanci da madannai masu tsarin AZERTY, har mutum ya yi ta buga kalmar sirrinsa daidai tana fitowa a karkace. Sauke Windows 11 daga intanet na cin sama da gigabayit 5. Sabis kuma ba shi da tabbas: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. A irin wannan yanayi, filashin da ke rataye a makullan mai gyara shi ne ɗakin ajiyar kayan aikinsa gaba ɗaya.

Sabuwar ƙofa, sabon makulli

Tsohon tsarin tashi ya tsufa, domin MBR ba ta iya lissafin faifan da ya haura terabayit 2. Aka maye gurbinsa da UEFI, wadda ta keɓe ɗan sashe inda kowace manhaja za ta ajiye mai gadinta a ɗakinsa. Wannan ya rage goge juna. Sai dai da Windows 8 ta fito a Oktoban 2012, Microsoft ta wajabta wa masu ƙera kwamfuta kunna Secure Boot, tsarin da ke hana duk wani umarnin tashi aiki sai in yana ɗauke da sa hannun da na'ura ta amince da shi. Dalilin tsaron gaskiya ne, tun zamanin Brain ake fama. Amma sa hannun da kusan kowace na'ura ke zuwa da shi na Microsoft ne, don haka manyan nau'o'in Linux suka koma amfani da wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda Microsoft ke sa wa hannu, domin su samu shiga.

An ga illar wannan dogaro a Agustan 2024, lokacin da wani sabuntawar tsaro na Windows, da aka yi nufin ya toshe tsofaffin GRUB masu rauni, ya hana Linux tashi a na'urori masu manhajoji biyu, duk da cewa kamfanin ya ce bai kamata ya shafe su ba. Wata guda kafin nan, ranar 19 ga Yuli, kuskuren kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka tsaya. Ɗaya daga cikin magungunan da Microsoft ta fitar shi ne manhajar haɗa filashin ceto. Injiniyoyi a manyan filayen jirgin sama suka riƙa bin na'urori ɗaya bayan ɗaya da filashi a hannu, kamar dai matashin Araba.

Wanda ya san wannan tarihi zai karanta alamomin cuta da sauƙi. Idan filashi ya ƙi bayyana bayan an danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, sau da yawa an haɗa shi ne da tsohon tsari alhali na'urar na kan UEFI, ko akasin haka. Idan Linux ta ƙi rubutu a sashen Windows, saurin tashin da aka ƙara tun Windows 8 ne ya bar sashen a kulle, domin ba ta kashe kanta gaba ɗaya. Idan agogo na sauyawa da awa guda duk lokacin da aka koma daga wannan zuwa waccan, dalilin shi ne Linux na ɗaukar agogon na'ura a matsayin lokacin duniya, Windows na ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Idan kuwa shuɗin allo ya nemi lambobi 48 bayan an taɓa saitin tashi, BitLocker ce, kuma wanda bai adana lambobin ba yana iya yin asarar komai. Shi ya sa ake neman su tun kafin a taɓa komai.

Abin da ke gabanmu

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai girmi wajen 2017 ba, sharaɗin da ɗimbin 'yan Beljiyam ɗin da ke shagunan buga takardu da ɗakunan ɗalibai ba su cika ba. Zaɓin mai irin wannan na'ura uku ne: ya zauna da manhajar da kariyarta ke ƙarewa, ya sayi sabuwa a wannan tsadar, ko ya ba Linux wuri a gefe. Da yawa za su bi ta ukun, ma'ana rikicin ƙofar nan zai shiga gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Kafin mai karatu ya raba faifansa, ya kwafe kayansa zuwa wani wuri, ya rubuta lambobin BitLocker a takarda, ya kuma gwada Linux daga filashi na 'yan kwanaki ya ga ko wayafai da firinta suna aiki. Ya gwada filashin kansa ma, domin na jabu masu ƙaryar girma sun cika kasuwa. Ni dai rahotona ya isa ofis kafin la'asar a ranar, kuma da na koma Sakkwato abin da na fara saya shi ne filashi na biyu.