Tsufa da Jinya a Asibitocin Jos: Waiwaye a kan Tarihi da Harshe

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta waiwayi yadda asibitocin garin Jos suka daɗe suna jinyar jikin tsoho kafin su waiwayi halin da zuciyarsa take ciki, tare da nuna cewa harshen da ake magana da shi a bakin gadon majinyaci yana da hannu a cikin wannan jinkiri.

2.0 Asibitin Lebura

Kuza ce ta haifi Jos. Layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, na gabas kuma a 1927, leburori suka yi ta kwararowa daga ƙasashen Kano da Zazzau da Bauci da Barno, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa suke kira Jarawa. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara da aikin tilas a ramukan kuza, sanyin dutse ya hallaka da dama. Likitan wancan zamani ba ya da wani buri da ya wuce ya mayar da majiyin ƙarfi bakin aikinsa. Wanda ƙarfinsa ya ƙare kuwa sai ya koma garinsu, ko ya kwanta a ɗaki ana cewa ciwon tsufa ne.

Asibitocin mishan, wato na Vom (1922) da na OLA da kuma Evangel (1959), wanda jama'a suka laƙaba wa suna Jankwano, sun fi mayar da hankali ga haihuwa da tiyata da cututtuka masu yaɗuwa. Da aka kafa Jami'ar Jos a 1975, asibitin koyarwarta ya biyo baya, sai aka fara ganin wani sabon majinyaci, wato tsohon da ya tsufa a Gangare ko Dilimi ko Jos Jarawa, ba ya da wani gari da zai koma, ga hawan jini ko ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki. Faɗuwar kasuwar kuza a 1985 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 suka same shi a wannan hali.

3.0 Raunin Tsufa da Kalmominsa

A shekarar 2001 Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka bayyana raunin tsufa da alamomi biyar: rama, da gajiya, da raunin damƙar hannu, da rashin saurin tafiya, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku ya shiga sahun masu rauni. Abin lura shi ne tambayoyin da suka auna gajiya da su, daga ma'aunin ciwon damuwa suka aro su. Ashe tun daga tushe ba a iya raba nauyin jiki da nauyin zuciya ba.

Bahaushe ma bai raba su ba, domin kamar yadda Wall (1988) ya nuna, kalmar lafiya ta haɗa jiki da kwanciyar hankali da zaman lumana. Tsohon da ya ce jikinsa ya mutu, ko kasala ta rufe shi, mai yiwuwa ne ƙarancin jini yake fama da shi, mai yiwuwa ne kuma rasuwar abokiyar zama ce take cin sa. Ciwon zuciya kansa harshen damo gare shi, yana nufin cutar tsokar da ke ƙirji, yana kuma nufin baƙin ciki. Mafi wuyar sha'ani ita ce amsar gaisuwa. Idan likita ya ce, “Baba, yaya jiki?” ladabi da tawakkali ba su bar wa dattijo wata amsa ba sai “da sauƙi”, ko da kuwa ya kwana uku bai taɓa abinci ba. Likitan da ya rubuta wannan a matsayin samun sauƙi gaisuwa ya rubuta.

A Jos matsalar ta ninka, saboda Hausa harshe na biyu ce ga yawancin tsofaffin Birom da Afizere, likitan kuma da Ingilishi ya yi karatu, tafintan da ke tsakaninsu sau da yawa ɗan majinyacin ne, wanda uba ba zai faɗi rauninsa a gabansa ba. Da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa kuma, dangi sai su ji an ce hauka. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni bisa addini, tsofaffi da yawa suka rasa maƙwabtan shekara da shekaru, waɗanda a da su ne masu zuwa dubiya.

Sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan. Ma'aunan da irin waɗannan cibiyoyi suke amfani da su da Ingilishi aka tsara su, kuma a nan ne aikin ya dawo hannun masana harshe. Ma'aunin Yesavage na damuwar tsofaffi, alal misali, yana tambayar majinyaci ko yana jin rayuwarsa ta zama fanko. Idan aka juya wannan zuwa Hausa kalma da kalma, dattijon Jos, Musulmi ko Kirista, zai ji kamar an nemi ya butulce wa Ubangijinsa ne, sai ya amsa da a'a.